Zinariyar Auyo da Mai Waya

Ranar kasuwar Auyo ce, a shekarar da hukumar En'e ta raba wa hakiman ƙasar Haɗeja akwatunan rediyo. Zinariya na zaune a gindin tsamiyar ƙofar fada da faifan bandar tarwaɗa a gabanta, tana korar ƙuda, sai wani abu ya faɗo tsakiyar kifinta. Ta duba, ƙullin jar waya ne. Ta ɗaga kai, sai ga mutum a kan reshe, ya harɗe ƙafafu, da filaya a bakinsa, yana kallonta kamar wanda aka kama a rumbun wani.

Ya zare filayar ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yan mata. Suɓuce mini ta yi."

"Ni kam na haƙura," in ji ta. "Kifin ne bai ce komai ba tukuna."

Dariya ta kusa kayar da shi. Ya roƙe ta ta jefo masa wayar. Ta jefa ta dawo, ta sake jefawa ta faɗa bayan wani mai rake, dole ya sauko da kansa. Da ya diro ta ga dogo ne siriri, baƙi, da wandon kaki da ya sha hawa bishiya.

"Wai wannan wayar ta mece ce?"

"Magana take tarewa. Daga Kaduna maganar take tasowa, ta biyo iska, wayar nan ta kama ta, ta sauke ta cikin akwati."

Ta dube shi. "Mu ma a gidanmu tarewa muke yi. Amma abin da muke tarewa ana cinsa."

Ya sayi tarwaɗar da wayar ta faɗa wa, ya ce ita ya ɓata wa rai. Da la'asar akwatin ya yi magana a ƙofar fada, kasuwa ta watse ta koma can, tsofaffi na salati, wasu na leƙa bayansa su ga inda mutumin ya ɓuya. Kowa akwatin yake kallo. Zinariya kuwa hannun da ke murɗa shi take kallo.

Sunansa Umara, mutumin cikin garin Haɗeja. Ya ɗan taɓa makarantar midil, En'e ta ɗauke shi yana zagaya hakimai a kan keke, yana kai batir yana ɗaura waya. Ita kuma 'yar Malam Shu'ibu ce, masunci, manomin shinkafa a fadama. Tun tana rarrafe mahaifiyarta ta rasu, kakarta ta wajen uba, Iya 'Yar'azumi, ta goya ta. Malam Shu'ibu ya sake aure sau ɗaya bai ɗore ba, daga nan ya haƙura, gidan ya zama su uku. Sa'o'in Zinariya duk sun yi aure, ita ko ta kai sha takwas, don duk wanda ya zo sai uban ya sami abin da zai ce. A cikin jiran nan ne ta shiga ajin Yaƙi da Jahilci da ake yi wa mata a gidan hakimi, har ta iya haɗa baƙi ta rubuta wasiƙa.

Daga ranar nan babu batirin da ya kai na Auyo yawan neman dubawa a duk ƙasar Haɗeja. In Umara ya gama da fada, sai ya jingine keke a ƙofar gidan Malam Shu'ibu, Iya ta fito da tabarma, ta zauna nesa kaɗan tana kaɗi, kunnenta ko yana wurinsu. Shi yana ce mata Zinarina. Ita ta ƙi kama sunansa, sai Mai Waya.

Wata yamma ta ga ya yi jugum.

"Mai Waya, yau maganar ba ta biyo iska ba ne?"

"Akwatin Kafin Hausa ne ya mutu," in ji shi. "Na buɗe bayansa, na tsaya ina kallon kwalabe da wayoyi kamar baƙo a gidan biki. Mutane na zaton ni ke sa shi magana, alhali ɗaura waya kawai na iya. In ya lalace sai an kai Kano, ya yi wata da watanni. Abin na ci mini rai, Zinarina. Ina so in san cikinsa."

"To wa ya hana ka?"

"Babu. Shi ne ma abin da na zo da shi. Gidan rediyo na Kaduna na ɗaukar samari a koya musu aikin injinansu, shekara biyu. Na yi jarrabawa, sun kira ni."

Ta sunkuyar da kai tana jan zaren tabarma. Ta so ta ce ya bari, amma ta tuna yadda fuskarsa ke yi in yana maganar akwatin nan.

"Ka tafi," ta ce. "Amma kafin ka tafi a san da kai a gidan nan."

Kwana kaɗan bayan haka kawunsa, Baba Ari, ya zo da goro. Malam Shu'ibu ya karɓe shi da mutunci, ya saurare shi har ya gama, sannan ya tura ƙwaryar goron gabansa a hankali.

"Malam Ari, yaron nan ban ga aibunsa ba. Sana'arsa ce ban gani ba. Maƙeri in ya wuni zai nuna maka fartanya, masaƙi ya nuna maka ƙyalle. Shi in ya wuni me zai nuna? Iska. Ga shi kuma aikin Nasara ne, Nasara kuwa an ce shirin tafiya yake. In ya naɗe wayarsa ya tafi fa? Ba zan yi wa 'yata dole ba, amma ba zan ba da ita ga abin da idona bai gani ba. Ya je ya dawo tukuna."

Haka Umara ya hau jirgin ƙasa a Malam Maduri, ba a ba shi ba, ba a kuma hana shi ba.

Wasiƙunsa ta hannun malamin hakimi suke zuwa. Ta farko ta ce:

"Zinarina, gaisuwa mai yawa. Na sauka lafiya. Mu da ake koya wa daga ko'ina muke, har da mutanen Ilori da na Yola. Da safe lissafi da karatun lantarki, da yamma a ba kowa mataccen rediyo a ce ya tashe shi. Dalma ta ƙone mini yatsu. Jiya nawa ya yi magana, na waiwaya in gaya miki, sai na ga bango. Ki gaida Iya. Naki, Mai Waya."

Ta wuni tana gogewa tana sakewa kafin ta samu ta rubuta:

"Mai Waya, na ga takardarka. Ka shafa wa yatsun zuma. Ruwa ya cika fadama, shinkafa ta yi kyau. Wanda aka sa a madadinka bai iya hawa tsamiya ba. Iya ta ce ko can suna da kifi. Ni ce."

Haka suka yi ta yi har damina ta wuce, rani ya zo ya wuce. Ya ba ta labarin injin da ke tura magana sama, mai zafi kamar maƙera, da wani malaminsu da ke sa su warware aikin wuni guda in ya ga ɗigon dalma ɗaya bai zauna ba. A shekara ta biyu ya rubuto:

"Zinarina, an fara shigar da mu ɗakin watsa shiri. Daga yanzu duk yammar da kika ji labarai, ina ciki."

Murna ta hana ta riƙe maganar. Ta gaya wa ƙawayenta, ƙawaye suka gaya wa gari. Da yamma ƙofar fada ta cika, kowa ya zo jin ɗan Haɗeja a cikin akwati. Aka karanta labarai, ba muryarsa ba ce. Gobe ma haka, jibi ma haka. Mutane suka fara murmushi in ta wuce. A bakin rijiya wata ta ce, "Ko dai saurayin naki kurma ne a can?"

A lokacin ne Gwadabe ya matsa. Gwadabe ɗan kasuwa ne, shi ke sayen bandar Malam Shu'ibu ya loda a jirgin ƙasa zuwa Kudu, mutum mai sakin fuska da sakin hannu. Ya daɗe yana sonta, uban kuma ya fi karkata gare shi, don ko ba komai gidansa na nan cikin Auyo. Wata rana da ya dawo daga tafiya ya zo zance, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗa.

"Na tsaya Kaduna. Na ga mutuminki a kasuwa. Ba na son in zama mai kawo magana, amma kin fi ƙarfin a rufe ki. Wani ƙaton akwati ne a kafaɗarsa, yana bin wata mata a baya, duk inda ta tsaya ya tsaya. Na tambaya aka ce Asabe sunanta, ita ake ji a rediyo. Kullum tare suke. Ni dai ban ga malami ba, ɗan dako na gani."

Ta sallame shi. Da ya tafi ta shiga ɗaki ta rubuta wa Umara:

"Malam Umara, ka ce kana ciki. Na saurara har kunnena ya gaji, ban ji ka ba, gari na yi mini dariya. An ce an gan ka kana ɗaukar wa Asabe kaya. Allah ya ba da sa'a. Kada ka wahalar da kanka da rubutu."

Amsarsa layi biyu ce:

"Zinarina, abin da zan faɗa ba na takarda ba ne, sai an gani. Ki jira ni zuwa girbin shinkafa."

Ba ta amsa ba. Amma ba ta kuma ba Gwadabe amsa ba, ko da yake uban ya tambaye ta har sau biyu. Tana tsintar kanta a fadama wurin korar tsuntsaye, ta bar jan-baki na cin shinkafa, tana tambayar zuciyarta: wai me ya fi yi mata zafi, matar da aka ce yana bi, ko dariyar bakin rijiya? In da a ce dako yake yi da gaske, ta daina sonsa ke nan? Ba ta ji daɗin amsar da take samu ba, don ta gane rabin fushinta na girman kai ne.

Iya ta lura da ita. Wata rana tana tsefe mata kai ta ce, "Gwadabe ba maƙaryaci ba ne. Amma mai so ido ɗaya gare shi, abin da zai amfane shi yake gani. Ki bari ki gani da naki biyun."

Aka girbe shinkafa, aka sussuka. Malam Shu'ibu ya ɗauki komarsa da goransa ya bi masunta zuwa tafkunan Baturiya, kamar yadda yake yi kowace shekara. Bayan tafiyarsa ne wata hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidan. Zinariya ta leƙa ta katanga, ta ga Umara ya fito, ya zagaya ya buɗe ƙofa, ya kama hannun wata dattijuwa mai jiki, da furfura a gefen ɗankwali, tana dogara sanda. Ya koma ya saɓo ƙaton akwati.

"Salamu alaikum, masu gida," in ji dattijuwar. "Ni ce Malama Asabe ta shirin mata. Ina kishiyar tawa? An ce ta yi fushi da ni, na ce sai na zo da kaina mun daidaita."

Zinariya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Iya kuwa ta yi dariya har da riƙe ciki.

Malama Asabe yawo take gari gari tana ɗaukar labaran tsofaffin mata, su kuma 'yan shekara ta biyu ana haɗa kowa da mai shiri ya riƙa ɗaukar masa magana, cikin koyon ne. Umara ne ya roƙa a biyo ta Auyo. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki. Ya durƙusa ya buɗe akwatin, ya zarga siririn tef tsakanin faifai biyu, ya ja waya zuwa gaban Iya, ya sa aka kore kaji, ya rataya bargo a kan zana don iska. Bai dubi Zinariya ba sai da ya gama. Sannan ya miƙa mata abin sawa a kunne.

"Zo ki ji."

Ta ɗora a kanta da ɗari-ɗari. Malama Asabe ta fara gaisawa da Iya, sai ga muryoyinsu a cikin kunnenta, tar, kamar a cikin kanta suke zaune. Umara ya saki abin da yake murɗawa, ya kauce da shi kaɗan. Nan take maganar ta dagule, ta koma ƙara da shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Ya mayar, ta dawo garau.

"Kin ji?" ya ce a hankali. "Nan nake. Muryata ba ta fita, ba kuma za ta taɓa fita ba. Mai karanta labarai na bayan gilashi, ni ina wannan gefen da hannuna a kan inji. In kin ji shi sarai, to ina ciki. In aka ji ni, aiki ya ɓaci. Laifina ne da ban yi miki bayani ba, na so in burge ki."

Ta cire abin daga kunnenta, idonta na ƙasa. "Ni ma na so in burge 'yan bakin rijiya. Ka yafe mini, Mai Waya."

"Tun da kika mayar mini da sunana, magana ta ƙare. Wannan Malam Umara da kika rubuta ya fi dalma ƙuna."

Iya ta zauna ta ba da labarin shekarar babban ruwa, ta yi waƙar niƙa ta zamaninsu, har tef ya ƙare. Da suna naɗe kaya Umara ya ce, "Iya, ba za a sa wannan a rediyo ba sai maigidan ya amince."

"Ni na haife shi," in ji Iya.

"Duk da haka, Iya."

Da Gwadabe ya sake zuwa, Zinariya ta gaya masa gaskiya cikin ladabi. Ya ce shi abin da ya gani ya faɗa, amma ya san bai tambayi shekarun matar ba don ba ya son ya sani. Bai daina sayen bandar gidan ba, kafin damina kuma ya auri wata 'yar Kafin Hausa.

Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Malam Shu'ibu ya dawo daga Baturiya, tun a hanya aka tare shi da labari. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne, amma Zinariya ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ina can cikin ruwa, aka shigo gidana aka ɗebi muryar uwata za a kai kasuwa, kowane ɗan tasha ya ji. Ki rubuta masa ban yarda ba. Kuma kada ya ƙara taka mini ƙofa."

Iya ta yi faɗa, ta yi lallashi, ya ce ta yi masa aikin gafara, wannan karon ba zai janye ba. Zinariya ta rubuta abin da aka ce ta rubuta, ta ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Ina nan inda ka bar ni."

Da ruwan farko ya sauka Iya ta kwanta. Ciwon bai yi tsawo ba. Ta rasu da hantsi, kanta a cinyar Zinariya. Gidan da yake na mutum uku ya koma na biyu, biyun ma ba sa iya haɗa ido, don kowa in ya dubi ɗan'uwansa ita yake gani. Malam Shu'ibu ya daina zuwa ruwa. Sai ya zauna a zaure da koma a cinya, allura a hannu, ba ya ɗinkin.

Umara na tsakiyar jarrabawar ƙarshe aka yi rasuwar. Da ya gama ya zo ta'aziyya tare da Baba Ari, da akwatin nan ɗaure a bayan keke. Ya tsaya daga waje, sai da Malam Shu'ibu ya ce, "Mai ta'aziyya ba a hana shi shiga." Zinariya ta tsaya a bayan ƙofar zaure, inda take jin komai.

Bayan an yi addu'a Umara ya gyara durƙuso.

"Baba, saƙonka ya same ni. Ba a sa maganar Iya ba, ba kuma za a sa ba. Na yi kuskure da na shigo ba ka nan, ina neman gafara. Abin da ya sa na zo da akwatin nan shi ne, a wurin aikinmu tef ɗin da ba za a yi amfani da shi ba gogewa ake, a ɗauki wani abu a kansa. Ni aka ba in goge. Na roƙi Malama Asabe ta nemar mini izini in zo tukuna, don na kasa shafe muryar mahaifiyar mutum bai sani ba. In ka ce in goge, a gabanka zan goge."

Malam Shu'ibu ya dubi akwatin. Sannan ya ce, "Kunna."

Faifan ya fara juyawa. Sai ga Iya.

"...ruwan ya zo mana da asuba, ba sallama. Muka bar tukwane a kan murhu muka hau tudu, mu da awaki da macizai, ba mai taɓa wani. A kan tudun nan na haifi Shu'ibu, ko zane babu, da ɗankwalina na naɗe shi. Yaro mai riƙo. In ya damƙi yatsana sai an ɓamɓare. Har yau haka yake, abin da ya kama ba ya saki..."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, ta ce a miƙo mata ruwa, aka ji muryar Zinariya daga nesa tana cewa, "Ga shi, Iya."

Zinariya ta toshe bakinta da mayafi. Ta tsagar ƙofa ta ga ubanta ya miƙa hannu wajen akwatin, ya tsaya bai taɓa ba. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

"Har tarinta," ya ce. "Har tarinta ka kamo."

Ya sa aka mayar, ya sake ji har ƙarshe. Sannan ya share fuska da hannun riga.

"Kada ka goge. Labarin ruwan nan su sa, yaran yanzu ba su san shi ba. Amma inda ta ambace ni, wannan nawa ne. Ana iya cire shi?"

"Ana iyawa, Baba. Da reza ake yanke wurin, a haɗa bakin biyu a manne, mai ji ba zai gane ba."

"Nuna mini."

Umara ya ciro guntun tef da ba komai a kansa, ya yanka a karkace, ya haɗa, ya manne, ya miƙa masa. Malam Shu'ibu ya shafa mahaɗin da babban yatsa, ya ɗaga shi wajen haske, yadda yake duba ƙullin koma.

"Ashe aikin hannu ne," ya ce, kamar da kansa yake magana.

Ranar baƙi suka tafi ba a ta da maganar aure ba. Amma washegari Malam Shu'ibu ya ɗauki goransa ya tafi ruwa.

Sai bayan sadakar arba'in ya kira Zinariya. Suna bakin kogi, yana shanya koma, ita tana riƙe masa gefe guda.

"An ce ya ci jarrabawar."

"E, Baba."

"Ina za su kai shi?"

"Kano."

Ya gyaɗa kai. "Na ce wa Malam Ari sana'arsa ce ban gani ba. Akwai wannan. Amma ko da fartanya ya nuna mini, da na sami abin cewa, kamar yadda na samar wa na baya. Uwarki ta tafi, na ce ba zan ƙara kallon bayan kowa ba. Ga shi Iya ta tafi ba ta yi shawara da ni ba." Ya ja komar ya ɗaure a turke. "Ki aika ya turo manyansa."

"Baba, wa zai dafa maka?"

"Na iya gasa kifi tun ba a haife ki ba. Gwaggonki Saude ma ta gaji da zaman Kafin Hausa tun da mijinta ya rasu, za ta dawo ɗakin Iya. Ke dai kada ki mai da ni hujja."

Ta durƙusa a kan yashi tana kuka, ya bar ta ta yi, ya ci gaba da shanyarsa.

An ɗaura aure a ƙarshen damina, ana ta maganar mulkin kai a ko'ina. Abokan karatun Umara suka zo daga Kaduna, suna ba mutane labarin wani sabon akwati da aka ce an kawo Badun, wanda ba magana kaɗai ba, har mutum ake gani a ciki, tsofaffi na cewa wannan kam ƙarya ce. Malama Asabe ta aiko da turmin atamfa. Gwadabe ya aiko da buhun shinkafa.

Ranar kai amarya ruwa ya shanye hanyar mota, sai an ƙetare fadama kafin a kai inda motar ke jira. Samari suka kawo jirage, kowa na so ya ɗauki amarya. Malam Shu'ibu ya ce su ɗauki 'yan rakiya da kaya. Ya jawo nasa jirgin, ya shimfiɗa sabuwar tabarma a ciki, ya kama hannun 'yarsa ya zaunar da ita, ya ɗauki gwangwala.

Suka ratsa ta cikin shinkafa da furen bado, guɗar mata na biye da su. Tana lulluɓe, ba ta ganin komai sai ƙafafunsa a kan katako da ruwan da ke ɗiga daga gwangwalar. Bai yi sauri ba. Ita ma ba ta so ya yi.

A ɗaya gaɓar Umara na tsaye da abokansa, da babbar riga fara. Da jirgin ya taɓa ƙasa ya shigo ruwa har gwiwa, bai damu da rigar ba, ya riƙe bakin jirgin ya durƙusa.

Malam Shu'ibu ya ɗora hannunta a kan nasa.

"Umara, ga ta nan. Ba ni da wata. Ka riƙe ta da mutunci, in ta yi kuskure ka gyara a hankali, na ga kana da hannun gyara. Ke kuma ki bi mijinki, ki zame masa gida a garin da ba shi da kowa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin ƙai, ya sa ku tsufa tare."

Jama'a suka amsa da amin. Umara ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Sannu da zuwa, Zinarina."

"Ka jiƙa rigar angonci," in ji ta daga cikin mayafi, tana kuka tana dariya.

Da mota ta tashi ta ɗaga gefen mayafin ta waiwaya. Ubanta bai juya jirgin ba tukuna. Yana tsaye a ciki, ya dogara da gwangwala, ya ɗaga hannu ɗaya sama, tafin a buɗe, har suka sha kwana.

Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba duk masu son juna da gaskiya irin wannan ƙarshe.